Hausar Zango a gaban masu bincike: me ɗaliban jami'a ke nema a bakin yaranmu?

Duk lokacin da shekarar karatu ta doshi ƙarshe, ba a rasa ɗaliban jami'a a makarantun Nima, Maamobi da Sabon Zango a Accra, ko Aboabo da Asawase a Kumasi. Ga takardun tambayoyi a hannu, ga wayar ɗaukar murya. Daga Legon suke, ko Winneba, ko Cape Coast, kuma kowa so yake ya haɗa kundin da zai ba shi digiri. Masu karatun kimiyyar harshe sun gane cewa zango taska ce. Yaro ɗan shekara takwas ya tashi da Hausa a gida, ya yi ciniki da Twi ko Ga a kasuwa, ya zauna da Turanci a aji, da yamma kuma ya tafi makarantar allo ko ta Islamiyya ya biya Larabci. Ina mai bincike zai samu irin wannan a ɓagas?

To amma tambayar da akasari ake zuwa da ita guda ce: waɗanne kurakurai yaran ke yi a Turanci, kuma wane harshe ne ya jawo? Tsohuwar hanya ce, tun littafin Robert Lado na 1957, wanda ya ce in ka jera harshen gida da harshen da ake koyo, inda suka saɓa nan ɗalibi zai yi tuntuɓe. Ba laifi. Laifin yana wajen Hausar da ake jerawa. Ɗalibi zai ɗauko littafin nahawun da aka rubuta a kan Hausar Kano, ya auna bakin yaron Nima da shi.

Ga misali. Littattafai sun ce Bahaushe na rikita "p" da "f" a Turanci domin Hausa ba ta raba su ba. Haka ne ga wanda ya tashi a Kano ko Katsina. Amma yaron da ya buɗe ido yana jin Twi da Ga, harsunan da ke raba sautukan biyu, shin shi ma haka yake? Sai an saurara kafin a rubuta. Wani misalin ya fi wannan daɗi: yaro ya kira mace da "he" a Turanci, nan take a ce ai Hausa ce. Alhali daidaitacciyar Hausa ta fi Turancin kanta raba jinsi, tun da tana da "kai" da "ke", inda Bature ke da kalma ɗaya. Hausar Ghana ce ta saki wannan rabon, har ka ji an ce "Amina ya zo". Twi da Ga ma ba su raba mace da namiji a nan. Ke nan wanda bai san Hausar zango ba, ba zai gane daga ina abin ya ɓullo ba.

Masana na kiran wannan karin harshe Gananci, kuma yana da ƙa'idojinsa. Inda Bakano zai ce "kyau", a nan sai ka ji "cau". "Gyara" ta koma "jara". Sautukan ɓ, ɗ da ƙ sun sassauta a bakin mutane da yawa. Dalili ba boyayye ba ne: yawancin masu jin Hausa a zango ba Hausawa ba ne asalinsu. Akwai Mosi, Zabarmawa, Kotokoli, Dagomba, Wangara, Fulani, Busanga, duk Hausa ce ta haɗa su tun zamanin fataucin goro da kasuwar Salaga. Marigayiya Farfesa Mary Esther Kropp Dakubu ta Legon ta taɓo wannan a littafinta na 1997 kan tarihin harsunan Accra. Wai a ce "Hausar ta lalace"? Harshen da ake ɗaura aure da shi, ake tafsiri da shi, ake sasanta rigima a ƙofar sarkin zango da shi, bai lalace ba.

Abin ya wuce gardamar malamai, domin ya shafi ajin yaranmu. A 2002 gwamnati ta mayar da koyarwa Turanci zalla tun daga farkon firamare, daga baya aka dawo da tsarin fara wa yaro da harshen gida har zuwa aji uku. A lokacin, harsuna 11 gwamnati ta amince da su: Twi na Asante, Twi na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Babu Hausa, duk da cewa gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana watsa shiri da ita. Saboda haka yaron Maamobi, in an ce za a koyar da shi da "harshen uwa", Ga ake nufi. Na Aboabo kuma Twi. Harshe na biyu ake amfani da shi a koya masa na uku. Yara nawa ne ke cikin wannan hali? Ya karatunsu yake in an gwada da na sauran? Wannan ce tambayar da ta cancanci kundin digiri, kuma amsarta ce za a iya ɗauka a kai gaban hukumar ilimi. Shugabannin zango in sun je neman a saka Hausa, da hujja a takarda za a saurare su.

A nan ne 'ya'yan zango da ke jami'a suke da abin da wasu ba su da shi. William Labov ya daɗe da nuna cewa mutum na gyara bakinsa da zarar ya san ana sauraronsa. Baƙo ya shigo da takarda, Hajiya za ta gyara zama ta yi masa Hausar rediyo, ko ta juya Twi gaba ɗaya. Jikanta kuwa zai ji ta yadda take magana da maƙwabciya a kan tukunyar waake. Shi ne kuma ya san cewa yaron da malami ya rubuta "bai iya karatu ba" yana karanta baƙin Larabci tsaf, ya san harafi na wakiltar sauti, ya san wasali, abin da binciken da ya tsaya ga boko ba ya ƙirgawa sam.

Kayan aikin ma suna nan kusa. Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon tana ajiye da rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara a shekarun 1960, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano ya rasu a 1934. Ɗalibin da ya iya ajami zai iya ɗora Hausar Alhaji Umaru kusa da ta dattijon Sabon Zango, da ta matashin da ke aika saƙon murya a WhatsApp, ya ga abin da ya sauya cikin kusan shekara ɗari da abin da ya tsaya.