Kutki: Ƙaramin Hatsin Indiya Mai Kama Da Accarmu

  A wannan wata za mu leƙa ƙasar Indiya ne, domin mu ga wani ɗan hatsi da matan can suke sarrafa garinsa, mu ji amfaninsa ga jiki, sannan mu ga abin da za mu iya ɗauka mu kawo cikin madafinmu.

Dalilin ɗauko wannan magana a fili yake. A gidaje da yawa yau, karin kumallo burodi ne da shayi, rana shinkafa, dare taliya. Yaran da ke zuwa Islamiyya da yamma, mafi yawansu biskit da alewa ne a jakarsu. A gefe guda kuma ciwon suga da hawan jini sun shigo gidajenmu, ga ƙarancin jini a jikin masu juna biyu da ƙananan yara. Indiyawa sun riga mu faɗawa wannan hali, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka waiwaya gare shi shi ne hatsin da kakanninsu suka ci.

Wane hatsi ne wannan?

Masu jin Hindi suna kiransa kutki, Tamilawa na kudancin ƙasar kuma suna ce masa samai. Ɗan'uwan gero ne na nesa, amma ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, idan aka surfe shi sai ki rantse acca ce da ta ɗan yi ƙiba. Ba ya yin zangarniya irin ta gero, kansa a baje yake kamar na shinkafa. Ana noma shi a jihohin Madhya Pradesh, Odisha, Chhattisgarh, Karnataka da Tamil Nadu, galibi a kan tuddai da ƙasa mara ƙarfi inda shinkafa ba ta yi. Yana jure fari, yana kuma jure kwanciyar ruwa, wasu ire-irensa cikin wata uku sun nuna. Masu tonon kayan tarihi sun samu ƙwayoyinsa a kufan Harappa da ke Pakistan ta yau, wanda ke nuna mutane sun fi shekara 4,000 suna cin sa.

Daga shekarun 1960 gwamnatin Indiya ta ba da ƙarfi ga noman shinkafa da alkama don maganin yunwa, ta riƙa raba su ga talakawa da rahusa. An ci nasara ta wannan fuska, amma ƙananan hatsi irin su kutki suka koma abincin ƙauye da ake jin kunyar ba baƙo. Wahalar surfensa ma ta taimaka, domin ɓawonsa yana da tauri, mata ne kuma ke shan turmi. Sai da cututtukan zamani suka yawaita aka farga. A 2017 jihar Odisha ta kafa shiri na musamman don farfaɗo da waɗannan hatsi, a 2018 Indiya ta ware shekarar gaba ɗaya domin su. Daga nan ta kai maganar gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijeriya na cikin ƙasashen da suka mara mata baya, aka ayyana 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa ta duniya. Cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da birnin Hyderabad, tana adana irin kutki a rumbunta, kuma ita ce dai take da tasha a Sadore kusa da Yamai da ofis a Kano, inda take aiki a kan geronmu da dawarmu.

Me yake yi wa jiki?

Na farko, yana da yawan abin nan da masana abinci ke kira faiba, wato ɓangaren hatsi da hanji ba ya narkarwa amma yake buƙata don ya yi aiki daidai. A cikin giram 100 na kutki akwai kimanin giram 7, ya ninka na farar shinkafa fiye da sau biyu. Shi ke hana taurin bayan gida, shi ke sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba.

Na biyu, ba ya ɗaga sukarin jini da gaggawa. Akwai ma'aunin da ake auna saurin da abinci ke komawa sukari a jini. Wani nazari da masanan ICRISAT suka jagoranta a 2021 ya tattara bincike masu yawa, ya nuna dangin gero suna tsayawa a wajen 53 a wannan ma'auni, alhali farar shinkafa da fulawa sun haura 70. Sai dai a lura: idan aka niƙa gari ya yi laushi sosai, aka dama shi tsararo aka zuba sukari, wannan fa'ida ta ragu ƙwarai. Mai ciwon suga gara ta ci shi da ɗan tsaki-tsaki, da miyar ganye, kuma kada ta ajiye maganin da likita ya ba ta.

Na uku, yana da furotin mai gina jiki tsakanin giram 7 zuwa 10 a cikin giram 100, ga dangin bitamin B, ga maganiziyam da fosfaros da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Kamar sauran hatsi, furotin ɗinsa bai cika ba sai an haɗa shi da wake, gyaɗa, waken suya ko madara. Wannan ne hikimar da ta sa Indiyawa ke dafa shi da dangin wake, kamar yadda mu ma muke dafa gero da wake.

Na huɗu, babu gulutin a cikinsa, wato sinadarin da ke sa kwaɓin fulawa danƙo. Akwai mutanen da hanjinsu ba ya ɗaukar alkama saboda shi, irin wannan gari mafita ne gare su.

Yadda ake gyara garin

Duk hatsi yana ɗauke da wani sinadari da ke riƙe ƙarfen da ke cikinsa ya hana jiki zuƙa. Jiƙawa da barin ƙullu ya yi tsami suna rage shi sosai. Ashe iyayenmu da ke jiƙa gero ya kwana kafin su yi koko suna kan ilimi.

Ki wanke surfaffen hatsin, ki rege shi tsaf domin ƙananan hatsi ba sa rabo da yashi. Ki jiƙa shi awa 6 zuwa 8, ki tsane, ki shanya a kan tsaftataccen mayafi har ya bushe ƙayau. Ki ɗan soya shi sama-sama a busasshiyar tukunya har ƙamshi ya tashi, sannan a kai inji. Kutki yana da ɗan maiƙo, kusan giram 4 zuwa 5 a cikin 100, don haka garinsa yana saurin sauya ɗanɗano a lokacin zafi. Ki niƙa daidai na mako biyu ko uku, ki zuba a mazubi mai murfi.

Yadda matan Indiya ke sarrafa shi

Ƙabilun Gond da Baiga na tsakiyar Indiya suna yin wani kunu da shi mai suna pej, su sha kafin fita gona. A kudu ana yin dosa, wanda ya yi kama da sinasir, da idli da ake turarawa kamar alkubus. Ana kuma dafa shi da madara da ƙamshin girki a yi abin zaƙi na biki. Kutki ba hatsin kasuwanninmu ba ne, amma Allah bai bar mu haka ba: acca da ake nomawa a Filato, Bauci da kudancin Kaduna, da ɗan'uwanta iburu, suna shiga duk inda kutki ya shiga. Ga hanyoyi uku, ko da wanne kika samu.

Kunun safe da na yaye

Kayan haɗi: gari cokali 3, garin soyayyar gyaɗa cokali 1, ruwa kofi 2, madara ko kindirmo, dabino 2.

Ki dama garin da ruwan sanyi kaɗan don kada ya yi gudaji. Ki tafasa sauran ruwan, ki zuba damun kina juyawa a kan wuta kaɗan na minti 8 zuwa 10. Ki zuba garin gyaɗar, ki sauke, ki sa madara da dabinon da kika jiƙa kika marmashe. Idan na jariri ne, sai ya cika wata 6, kafin nan nonon uwa kaɗai ya ishe shi. Ki yi masa da kauri yadda zai zauna a cokali, domin tsararon kunu ruwa ne kawai yake cika masa ciki. Kada a sa wa yaron da bai shekara ba zuma.

Sinasir

Kayan haɗi: gari kofi 2, dafaffiyar shinkafa rabin kofi, kindirmo rabin kofi, yis ƙaramin cokali 1, albasa, gishiri, mai.

Ki markaɗe shinkafar da kindirmon, ki haɗa da garin da yis, ki kwaɓa da ruwan ɗumi ya yi kaurin ƙullun waina. Ki rufe a wuri mai ɗumi har ya tashi. Ki sa gishiri da yankakkiyar albasa, ki ɗan saki ƙullun, ki shafa mai a kasko ki zuba ludayi guda, ki rufe har samansa ya yi ƙofofi. Miyar alayyahu ko ta taushe ta dace da shi.

Gurasar kasko

Tunda garin ba shi da danƙo, ruwan sanyi ba ya haɗa shi. Ki tafasa ruwa kofi 1 da gishiri da mai cokali 1, ki zuba gari kofi 1, ki tuƙa ki sauke, ki rufe minti 5. Ki murza shi da ɗuminsa, ki cura ƙanana, ki faɗaɗa da tafin hannu a kan leda mai tsafta, ki gasa a kasko gaba da baya. Idan maigida da yara ba su saba ba, ki fara da rabi gari rabi fulawa, a hankali ki riƙa rage fulawar.

Abin lura

Ki matsa lemon tsami a miya ko ki ba yara lemo, gwaiba ko kunun tsamiya da kuka tare da abincin, domin bitamin C yana taimaka wa jiki ya zuƙi ƙarfe. Shayi kuwa yana hana shi, a jinkirta shan sa da awa guda bayan cin abinci. Ki riƙa amfani da gishiri mai ayodin. Wanda bai saba da abinci mai faiba ba ya fara da kaɗan, ya yawaita shan ruwa, don gudun kumburin ciki.

'Yar'uwa, kunun gari ba baƙon abu ba ne a addininmu. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, takan sa a dama wa mara lafiya da wanda aka yi wa rasuwa talbina, wadda ake yi da garin sha'ir. Kutki da acca ba sha'ir ba ne, don haka kada wani mai talla ya ruɗe ki da cewa falalarsu ɗaya. Abin da za mu koya shi ne kula da cikin iyali da abinci mai sauƙi mai amfani. A Risala ma, gero da dawa suna cikin abincin da aka lissafa don fitar da zakkar fidda kai, wanda ke nuna daraja ce gare su ba ƙasƙanci ba.

Lafiyar maigida da yara amana ce a hannunki, kuma mafi yawanta daga tukunya take farawa. Ki ware kwana biyu ko uku a mako ki maye gurbin shinkafa da taliya da acca, iburu, tamba ko gero. Indiyawa sai da suka kusa rasa nasu kafin su san darajarsa, mu namu yana nan a kasuwa da mudu.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya sa albarka a abin da muke ci, Ya raya mana zuriya a kan sunna. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.