Kufayen da manoman Ayalan ba sa sa wa garma

Yau shirinmu na musamman zai kai mu tsibirin Ayalan, can yamma da Ingila, ƙasar ruwan sama da ɗanyar ciyawa.

In ka ratsa ƙauyukansu, za ka ga gona an nome ta tas, amma a tsakiyarta ga wani tudu zagayayye da aka bari, ƙayoyi sun rufe shi. Tarakta na zuwa nan sai ta kauce. Matso kusa, ka ga ƙaramar ganuwa ce ta ƙasa, da gwalalo a bayanta, da ƙofa guda ɗaya. Filin cikin bai fi mita 30 ba a yawancinsu. A harshen ƙasar, ta ƙasa ana ce mata rath ko lios, ta dutse kuwa caiseal.

Ba sansanin yaƙi ba ne. Gidan manomi ne. Yawancinsu an gina su tsakanin shekarar 600 da 900 miladiyya, lokacin da arzikin mutum shanunsa ne. Da su ake biyan diyya, da su ake biyan tara, kuma satar shanu ta zama ruwan dare. Don haka magidanci ya kewaye iyalinsa da dabbobinsa. Mai ƙaramin ƙarfi ganuwa ɗaya, basarake biyu ko uku. Masani Matthew Stout, a littafin da ya fitar a 1997, ya ƙirga irin waɗannan gidaje fiye da 45,000.

Bari in kai ku cikin ɗaya. A Deer Park Farms da ke yankin Antrim, masu tonon tarihi sun yi aiki daga 1984 zuwa 1987. Laimar ƙasa ta hana itatuwan ruɓewa, sai ga ɗakuna zagayayyu na saƙar tsumagu, kamar yadda ake saƙa kwando. Bangon ninki biyu ne, an cusa ciyawa a tsakani don maganin sanyi. Har shimfiɗar da suka kwana a kai an tarar, da ƙwarƙwatar da ta dame su. Ni wannan ne ya fi taɓa mini zuciya. Mutane ne irinmu, da barcinsu da ƙaiƙayinsu.

To me ya tsare waɗannan kufaye fiye da shekara dubu? Tsoro. Bayan an manta da masu gidan, mutanen karkara suka ce mazaunin iskoki ne. Kaka ta gaya wa jika: kada ka sare ko reshe ɗaya a wurin, in ba haka ba saniyarka ta mutu ko ciwo ya shigo gida. Duk wanda ya taso a garin da akwai tsamiyar da ba a zuwa gindinta da tsakar rana ya san wannan magana.

Amma katafila ba ta san iska ba. Da Ayalan ta shiga ƙungiyar kasuwar Turai a 1973, aka dukufa faɗaɗa gonaki, kufaye da dama suka baje a yini guda. Wasu yanzu sai a tsohuwar taswirar ƙarni na 19 ake ganin alamarsu. An kafa dokar kare kayan tarihi tun 1930, kuma a 2012 kotu ta ci wani manomi a yankin Kerry tarar yuro 25,000 saboda ya rushe guda ɗaya a gonarsa. A ganina hukuncin ya dace, domin abin da ya baje ba mai iya mayar da shi.

Masu sauraro, dubban da suka rage suna tsaye ne a gonakin mutane, kuma har gobe manomi ne mai gadinsu. A nan za mu dakata.