Yadda Ake Auna Zaman Ƙasusuwan Wuyan Hannu

Wuyan hannu yana da ƙananan ƙasusuwa 8, jere a sahu 2. Idan mutum ya faɗi ya dafa ƙasa da tafin hannu, ɗayansu yana iya gocewa. In ba a gano da wuri ba, gaɓar takan lalace sannu a hankali.

Likita yakan fara da hoton eksire, saboda sauƙinsa da arharsa. A hoton da aka ɗauka ta gefe, yakan auna kusurwar da ke tsakanin ƙashi mai siffar kwalekwale da mai siffar jinjirin wata. Ga lafiyayyen hannu, tana tsakanin digiri 30 da 60. Sai dai ƙasusuwan suna rufe juna a hoton, kuma in hannun ya ɗan karkata, awon yakan canza.

Na'urar CT tana ɗaukar hoto yanka-yanka, kowane ƙashi ya fito sarai. Ita kuwa MRI, jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan take nunawa.

Duk da haka ba a yar da eksire ba. Akan sa majinyaci ya dunƙule hannu da ƙarfi a ɗauka. Idan jijiya ta tsinke, a lokacin ne giɓin da ya ɓuya yakan bayyana.