Allurar PRP a Kano: inshora ce za ta biya ko majiyyaci?

Idan ciwon gwiwa ya hana dattijo durƙusawa a sallah, iyali suka fara zarya tsakanin Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata da Asibitin Ƙashi na Dala, ba wuya su ji labarin allurar PRP. Jinin majiyyacin ake ɗiba, a juya shi a na'ura, a ware ruwan da ƙwayoyin daskarar da jini suka taru a cikinsa, a tsira masa a gaɓar.

Wajen biya ne gizo ke saƙa. Dokar NHIA ta 2022 ta wajabta inshorar lafiya, Kano kuma tana da hukumar KSCHMA, amma riƙe kati ba ya nufin an ɗauke kowane nauyi. Kulawar matakin farko ana biyan asibiti kuɗinta ne bisa yawan masu rajista. Aikin ƙwararru kuwa sai da takardar turawa da lambar amincewa, sannan asibitin ya nemi kuɗinsa bisa jadawalin farashi. Abin da babu shi a jadawalin, aljihun majiyyaci ne, shi ya sa ya kamata a tambaya kafin a ɗibi jinin.

Masu inshora a duniya suna ɗari-ɗari da PRP, kuma suna da hujja. Gwajin da aka yi wa mutum 288 a Ostareliya, wanda mujallar JAMA ta wallafa a 2021, ya nuna bayan shekara guda ba ta fi allurar ruwan gishiri rage ciwon gwiwa ba. A Amurka ma, shirin Medicare na ƙasa ya amince da ita ne don gyambon masu ciwon suga.