Man Taragon: Ina Gaskiya, Ina Ƙarin Gishiri?

Kwalbar man taragon ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, amma masu tallarta sun ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta. Wai tana saukar da sukari, tana korar zazzaɓin cizon sauro, tana daidaita al'adar mata, kuma ba ta da illa tunda daga tsiro aka tatso ta.

Ganyen kansa ba abin zargi ba ne. Faransawa na sa shi a miyar kaza da kifi, Iraniyawa na cinsa ɗanye a gefen abinci, a Jojiya kuma ana yin koren lemon kwalba da shi mai suna Tarkhuna. Wanda ya tauna shi zai ji harshensa ya ɗan mutu na ɗan lokaci, shi ya sa mutanen dā suke lallaɓa ciwon haƙori da shi. Wannan gaskiya ne, sai dai ba ya toshe ramin da ke haƙorin.

Mai kuwa wani abu ne daban. Da tururi ake tatso shi, tulin ganye ya ba da 'yan ɗigo, kuma a irin taragon na Faransa fiye da rabin man wani sinadari ne da ake kira estragol. Idan ya shiga jiki, hanta kan juya wani kaso nasa ya koma abin da ke manne wa ƙwayoyin gado yana ɓata su. An ɗura wa ɓeraye shi da yawa, aka ga kansar hanta. A 2001 kwamitin masana abinci na Tarayyar Turai ya bayyana shi a matsayin mai iya haddasa kansa, dokar Tarayyar ta 2008 kuma ta hana a zuba shi tsagwaronsa cikin abinci. Ɗan abin da ke cikin ganyen miya bai kai a tayar da hankali ba. Amma a ce wa mutum ya riƙa ɗiga man a shayi kullum safiya, wannan ganganci ne da lafiyar bayin Allah.

Batun sukari yana da tushe, kuma a nan aka fi ruɗa mutane. Masu bincike a Jami'ar Rutgers da cibiyar Pennington a Amurka sun gwada wani tsimi na taragon ɗin Rasha, suka ga ya taimaka wa jikin ɓeraye wajen karɓar insulin. To amma tsimi ne da aka jiƙo da sinadarin alkohol, daga wani iri mai ƙarancin estragol, ba man da ke cikin kwalbar ba. Mai ciwon sukari da ya ajiye ƙwayarsa saboda wannan labari ya sa kansa cikin haɗari.

Zancen zazzaɓi ya samo asali ne daga dangantaka. Taragon ɗan'uwan tazargade ne, dukansu zuriyar Artemisia. Daga wani ɗan zuriyar, Artemisia annua, masaniyar Sin Tu Youyou ta fitar da artemisinin, aikin da ya ba ta kyautar Nobel a 2015. Zama ɗan gidan malam ba ya mai da mutum malami. Ba daga taragon ake haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro ba, kuma yaron da jikinsa ya yi zafi gwajin jini yake bukata a ranar.

Cewa man yana kashe wasu ƙwayoyin cuta, a kwanon gwaji aka gani, ba a jikin maras lafiya ba. Mai juna biyu, mai shayarwa, ƙananan yara da masu ciwon hanta su nisance shi baki ɗaya. Ko a fata, idan ba a sirka shi da wani mai ba, yana iya kawo ƙaiƙayi da ƙuna.