Me ya sa bidiyon biki ke dagulewa a status?

Ka ɗauki bidiyon kamu tas-tas a wayarka, kana ɗora shi a status sai fuskar amarya ta koma gida-gida kamar tayil. Wasu su ce ai wayar ce ta tsufa. Ba laifinta ba ne, matse bidiyon aka yi.

Bidiyo hotuna ne a jere, galibi 30 a kowace daƙiƙa. Hoton 1080p guda ɗaya na ɗauke da ɗigo sama da miliyan 2. In ba a matse ba, minti ɗaya kacal zai haura gigabait 10. To wa ke da wannan datar?

Shi ya sa manhaja ke yanka kowane hoto zuwa ƙananan murabba'ai. Tsarin H.264 da ya fito a 2003 yana farawa da gida mai ɗigo 16 tsaye 16 kwance, HEVC na 2013 ya kai 64, AV1 na 2018 kuma 128. Girman gidan yana bin abin da ke cikinsa. Farin bango ko sararin sama, babban gida ɗaya ya ishe su. Ido, lalle ko aikin babbar riga kuwa, sai an tsattsaga su ƙanana. Gidan da bai canza ba daga hoton baya, ba a sake aiko shi, sai dai a ce "kamar na ɗazu". Sannan a zubar da ƙananan bayanan da ido bai cika lura da su ba, ta hanyar lissafin DCT da Nasir Ahmed, haifaffen Indiya, da abokan aikinsa suka wallafa a 1974.

A wajen biki fa? Kowa na rawa, leshi na walƙiya, kuɗin liƙi na tashi, mai ɗauka ma yana rausaya. Kusan kowane gida ya canza, alhali an ƙayyade datar da za a kashe. Dole a zubar da bayanai da yawa, sai iyakokin gidajen su fito fili. Duhu ma yana ƙara dagula abin, don tsaki-tsakin da kyamara ke yi da dare shi ma data yake ci.

Don haka nemi haske, ka riƙe waya da kyau, ka rage waige-waige da ita. Kar ka sauke daga TikTok ka ɗora a Facebook ka sake saukewa, kowane zagaye sabon matsi ne. In kuma amarya za ka tura wa a WhatsApp, tura shi a matsayin dokumen, zai isa yadda ka ɗauke shi.