Tsatsar Ƙarfe Da Ragowar Magani A Ruwan Fadama

Da zarar damina ta ɗauke, hankalin manoman Sakkwato sai ya koma fadama. Daga Kwalkwalawa zuwa Dundaye da Wamakko, duk inda Kogin Rima ya bar laima, ana fid da fangali, ana dasa albasa da tumatir da tattasai da latas. Ruwan da ake ba su na kogi ne da na rijiyoyi marasa zurfi, cikinsa kuwa har da abin da lambatun birni ya kwararo. To, akwai wani abu da ke bin irin wannan ruwa wanda ido ba ya gani, hanci ba ya ji, watau ragowar magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda likitoci ke kira antibayotik.

Ga yadda yake shiga. In aka yi wa saniya allurar oksitetarasaikilin, ko aka dama wa kaji garin magani cikin ruwan sha, jikin dabba ba ya cinye shi duka. Masana sun auna, sun ga kashi 30 zuwa 90 cikin 100 yakan fito cikin fitsari da kashi, da sauran ƙarfinsa. Mai gidan kaji ya wanke ɗaki da kwanukan sha, ya kore ruwan zuwa lambatu. Mai lambu ya sayi kashin kajin nan ɗanye ya zuba a fangali. Ɗan Adam ma in ya sha kafso haka yake fitarwa. Duk ƙarshensu gangare ne, gangaren Sakkwato kuwa kogi ne.

Wani zai ce, to mene ne laifin ɗan magani cikin ruwa? Laifinsa shi ne ƙanƙantarsa. Bai kai ya kashe ƙwayoyin cuta duka ba, sai ya kashe raunana, masu taurin kai su tsira su hayayyafa. Ran da suka kama yaro ko ɗan maraƙi, a ba da maganin da aka saba, ya ƙi ci. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum wajen miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya saboda ciwon da ya ƙi jin magani, kuma in an kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi tsanani. Ƙasashen Tarayyar Turai tun 2006 suka hana zuba antibayotik cikin abincin dabbobi don kawai su yi ƙiba.

Manyan birane na Turai suna da injunan tace ruwa masu tsada, su ma ba su kwashe ragowar magani sarai. Saboda haka masana suka juya ga wani abu mai arha da ke ko'ina, watau baƙin ƙarfe, irin na ƙusa da garma.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarun 1880 birnin Antuwaf na ƙasar Beljiyam yana tsabtace ruwan kogi ta hanyar juya shi cikin manyan ganguna da gutsattsarin ƙarfe. Daga baya aka yi watsi da ita, sai wajen 1990 wani malami a Jami'ar Watalu ta Kanada, Robert Gillham, da abokan aikinsa suka farfaɗo da ita. A 1991 suka haƙa rami a wani wuri da ake kira Boden, suka cika shi da garin ƙarfe da yashi a kan hanyar ruwan ƙarƙashin ƙasa wanda man wanke injuna ya ɓata. Ruwan da ya ratsa ta ciki ya fito da mafi yawan dafin ya tafi, aka yi shekaru ana aunawa yana nan yana aiki. A Bangaladash kuma, Abul Hussam ya ƙera matatar bokiti mai ƙarfe da yashi don cire gubar asanik daga ruwan rijiya, har aka ba shi babbar kyauta a Amurka a 2007.

Asirin abin yana cikin tsatsa. Kowane manomi ya san in aka bar fartanya cikin laima sai ta yi ja. Sa'ad da ƙarfe ke yin tsatsa cikin ruwa abu uku ke faruwa. Ƙarfen yakan taɓa ginin waɗansu magunguna ya karya shi, kamar irin su metaronidazol, wanda jama'a suka fi sani da Flagyl. Sa'an nan in da iska cikin ruwan, haɗuwarta da narkakken ƙarfe takan haifi wani abu mai kaifi, mai gajeren rai, wanda ke farfasa magani. Wani Bature mai suna Fenton ya yi bayanin irin wannan aiki a Ingila a 1894. Na uku, kuma ga dukan alamu shi ya fi yawa a matatar gida, sabuwar tsatsa tana da danƙo, takan kama magani ta naɗe shi cikin jikinta, ta zauna da shi cikin yashi. Chicgoua Noubactep, masani ɗan Kamaru da ke aiki a Jami'ar Gotingen ta Jamus, ya daɗe yana jayayya da 'yan'uwansa masana a kan cewa wannan kamun shi ne ainihin aikin.

Mai kiwo ba zai sha wuyar gane wannan ba. Ai likita kan hana shan tetarasaikilin tare da nono ko ƙwayar ƙarin jini, domin maganin yana manne wa ƙarfen da ke cikin ƙwayar da sinadarin ƙashi da ke cikin nono, sai ya kasa shiga jini. Halin nan da ke ɓata magani a cikin ciki, shi ne ke sa tsatsa ta kama shi a cikin ruwa. Dangin tetarasaikilin kuwa suna cikin waɗanda aka fi ba dabbobi a ƙasar nan.

Amma fa kada a ɗauka an sami maganin kome. Mafi yawan gwajin da aka yi a kan antibayotik a ɗakin bincike aka yi shi, da ruwa mai tsabta cikin kwalba, sau da yawa kuma da garin ƙarfe mai laushi fiye da kwalli, wanda ake haɗawa da tsada. Ruwan gidan kaji dabam ne, cike yake da kashi da dusa masu rufe fuskar ƙarfe. Magungunan dangin salfa ba su kamuwa da sauƙi. Ruwa mai ɗan tsami yana hanzarta aikin, mai kanwa ko sabulu yana rage shi. Kuma matatar ba ta da tabbacin kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka ruwan da ya fito na ban ruwa ne, ba na sha ba.

Duk da haka mai gidan kaji ko mai turken shanu a bakin fadama yana iya gwadawa, kuɗinsa kaɗan ne. A fara haƙa rami inda ruwan wanki zai kwana, dauɗa ta kwanta. A sami duro a huda shi kusa da gindi, a zuba tsakuwa kamar taƙi ɗaya. A bisanta a zuba garin ƙarfe da aka cuɗa da yashi mai tsabta, mudu 1 na ƙarfe ga mudu 3 na yashi, sa'an nan a rufe da zallan yashi. Yashin nan wajibi ne. Tsatsa takan ci wuri ninki biyu ko fiye na ƙarfen da ta fito daga gare shi, in aka zuba ƙarfe zalla sai ya dunƙule ya zama dutse, ruwa ya kasa wucewa. A bar ruwa ya riƙa tsiyaya a hankali, gama gaggawa ba ta ba tsatsa lokacin kamu. In ya fito da ja-ja, a tara shi a buɗaɗɗen rami ya kwanta kafin a sake shi.

Ƙarfe ba ya wuyar samu a birnin da ke da Maƙera Assada da masu walda a kowace unguwa. Sai dai a zaɓa. Ɓarɓashin da ya sha baƙin mai sai an wanke shi sarai. Kwanon rufi, da ƙarfe mai fenti, da duk abin da ya fito daga tsohon batir, a nisance su, domin tutiya da darma guba ne, a je neman gyara a ƙaro ɓarna. In duro ya toshe, a juye abin da ke ciki a binne a tudu nesa da rijiya, kada a watsa shi a gona, gama maganin da tsatsa ta kama yana nan cikinsa.

Duro ɗaya ba zai tare abin da unguwa guda ke zubarwa ba, kuma abin da ba a zuba ba ba ya bukatar tacewa. Kaza mai lafiya ba ta bukatar magani kullum. Tsabtar ɗaki da rigakafi a kan kari sun fi arha. In dabba ta kamu, a kai ta wurin likitan dabbobi, ko asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a ba ta abin da ya dace da awon da ya dace. A duba jikin kwalba, akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin a sayar da nono ko ƙwai ko a yanka. Kashin kaji kuwa a tara shi a rufe, a riƙa juyawa har ya yi zafi ya ruɓe sarai kafin a kai fangalin albasa, domin zafin juji yana rage ragowar magani ƙwarai.